Kafin ka haƙa kududdufin kifi, bi rafin ka ga abin da ke samansa



Makonni uku da suka wuce wani ƙanena a harkar nan ya kira ni cikin murna. Ya ce, "Yaya, na samu fili a bakin rafi, arha kamar kyauta, ruwa ba ya yankewa sai wajen watan Maris. Tarwaɗa dubu biyu zan fara da su." Ya riga ya yi lissafin komai: kuɗin masu haƙa, 'ya'yan kifi, buhunan abinci na wata huɗu, har ribar da zai ci ya rubuta a ƙasan takarda ya ja mata layi biyu. Na ce masa to madalla, amma rafin nan daga ina ya taso, kuma me ake yi a samansa? Ya yi shiru. Sai ya ce, "Ai ruwa ruwa ne, Yaya."

Wannan amsar ce ta sa na zauna rubuta wannan. Mu nan Mahuta da kewaye, daga Kafur zuwa Malumfashi, Bakori har Funtua, idan mutum zai fara kiwon kifi tambayarsa ɗaya ce game da ruwa: akwai ko babu? Ni kuma ra'ayina, a wannan zamani da haƙar zinare ta bazu a Arewa maso Yamma, duk wanda ya haƙa kududdufin ƙasa a bakin rafi bai san abin da ke saman rafin ba, caca ya yi da jarinsa, kuma ya haɗa da lafiyar waɗanda za su ci kifin. Abin da ya fi damuna shi ne wannan haɗarin ana iya hango shi tun kafin ya zo. Ba sai kana da digiri ba.

Bari in fara da agwagi, tunda nan shafin masu kaji ne.

A farkon shekarar 2010, a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara, agwagi suka fara ƙarewa. Mutane sun lura, amma ba wanda ya ɗauke shi wani abu. Agwagwa ta mutu, sai me? Bayan ɗan lokaci yara suka fara amai da jijjiga suna mutuwa. Likitocin ƙungiyar MSF ne suka fara ankara a watan Maris na shekarar, aka ɗebi jini aka gwada, aka tarar gubar dalma ce. Yara wajen 400 suka rasu, dubbai suka kamu. Sunayen garuruwan har yau suna kunnenmu: Dareta, Abare, Yargalma, Tungar Daji, Sunke, Bagega. Dutsen da ake samun zinare a cikinsa a can yana ɗauke da dalma mai yawa. Ana kwaso shi a buhu a kawo cikin gari, a daka a tsakar gida, a niƙa da irin injin da ake niƙa hatsi, a wanke a bakin tafki. A wasu wurare da aka auna ƙasar, dalmar da ke ciki ta haura kashi 10 cikin 100. Sai da aka kankare saman ƙasar gidaje aka kwashe aka kawo sabuwa. Bagega ma ba a samu yi mata aikin ba sai 2013. Shekara biyu bayan nan, a 2015, irin wannan ta sake faruwa a yankin Shikira, ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka mutu.

Me ya sa agwagi suka riga kowa? Saboda agwagwa a laka take kiwo. Tana cusa baki cikin taɓon bakin tafki tana tacewa, kuma dalma a laka take kwanciya. Yanzu ka tambayi kanka: wane kifi muka fi kiwo, kuma a ina yake kwana? Tarwaɗa dai, a gindin kududdufi, cikin laka.

Wani zai ce ai wannan Zamfara ce, mu nan masara da auduga da waken suya muka sani. Gaskiya ne ba kowane dutsen zinare ke ɗauke da dalma irin na Anka ba, kuma ban ce rafinka na da guba ba. Amma ka lura da abu biyu. Na farko, yaran Zamfara ba a bakin rami suka sha gubar ba, a gida suka sha. Dutse yana tafiya a buhu, a bayan babur, a kai shi inda ake da injin niƙa da ruwan wanki, ko da nisan wurin da ramin ya kai kilomita da yawa. Kenan rashin rami a garinku bai wanke ku ba. Na biyu, mu a saman ruwa muke. Gulbin Sakkwato ma kansa daga wajen Funtua ya faro. Rafukanmu ƙanana ne, ba su da yawan ruwan da zai surka datti ya rage masa ƙarfi kamar yadda babban kogi ke yi. Wurin wanki guda ɗaya ya isa ya ɓata ƙorama ɗaya. Ga shi kuma dokar hana haƙar ma'adinai da Gwamnatin Tarayya ta sa wa Zamfara a Afrilun 2019 an ɗage ta a Disambar 2024, zinare kuma kuɗinsa ya yi ta hawa. Harkar nan ƙaruwa za ta yi a yankinmu baki ɗaya.

To ta yaya ake hango gubar kafin ta iso?

Injiniyoyin ruwa suna da manhajojin kwamfuta da suke wannan aikin, kamar SWMM ta hukumar kare muhalli ta Amurka, wadda aka fara amfani da ita tun 1971. Idan ka cire lissafin da ke ciki, tunanin bai wuce abin da duk manomi ya sani ba: datti yana taruwa a kan ƙasa duk ranar da ba a yi ruwa ba, ranar da aka yi ruwa kuma sai ya kwashe shi ya gangara da shi. Iya tsawon kwanakin da aka yi ba ruwa, iya yawan abin da ya taru. Iya ƙarfin ruwan da tsayin gangaren, iya yawan abin da zai kwasa.

Yanzu ɗora wannan a kan yanayinmu. Daga Oktoba zuwa ƙarshen Afrilu ko Mayu ba ruwa. Kuma rani shi ne lokacin da matasa suka gama aikin gona, aka fi haƙa da niƙa da wanki. Wata shida zuwa bakwai ƙurar dutse na sauka a ƙasa, tulin ɓarzajjen dutsen da aka wanke aka zubar yana ƙara tudu, rana na gasa shi, iskar hunturu na baza shi. Sai ruwan farko ya sauko, da iska da ƙarfi kamar yadda ya saba, a kan ƙasa tsirara ba ciyawa. Duk tarin wata bakwai ɗin nan a sa'a ɗaya ko biyu yake shiga rafi, rafin da a lokacin ma kusan a bushe yake. Wannan shi ne ruwa mafi haɗari a duk shekara. Abin takaici kuma shi ne ruwan da sabon mai kiwo ke ɗokin jira ya buɗe masa hanya ya cika kududdufi, don ya huta da sayen fetur na injin ban-ruwa.

Mu yi lissafi kaɗan, ba mai wahala ba ne. Ruwan sama milimita 1 a kan hekta 1 lita 10,000 ne. Idan aka yi ruwa mai kyau na milimita 30, hekta ɗaya ta karɓi lita 300,000. A ƙasar da aka tattake, ba ciyawa, a ce rabi ya nutse rabi ya malale: lita 150,000 kenan suka gangara. Kududdufi mai mita 10 tsawo, 10 faɗi, zurfin mita 1, lita 100,000 yake ci. Ka ga filin wanki guda mai girman hekta ɗaya, a ruwa ɗaya, ya fitar da abin da zai cika kududdufinka har ya yi ambaliya.

Sai lissafi na biyu, wanda shi ne ya fi tayar min da hankali ranar da na fara yinsa. Misali ne fa nake bayarwa, ba awon wani wuri ba. A ce ƙasar wurin tana da dalma miligiram 1,000 a kowane kilo, wato kashi ɗaya cikin ɗari na abin da aka gani a wuraren da suka fi lalacewa a Zamfara. A ce ruwan da ya gangaro jajawur yana ɗauke da laka giram 1 a kowace lita, abin da ba wani abin mamaki ba ne ga ruwan farko. To kowace lita tana ɗauke da dalma miligiram 1. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ruwan sha, wadda ita ce ma'aunin Najeriya ma, miligiram 0.01 ce a lita. Ninki 100 kenan. Kafin ya sauko zuwa iyakar, kowace lita ɗaya sai ta samu lita 99 na ruwa mai tsabta. Ƙoramar da ta fara gudu jiya a ina za ta samo su?

Daga nan za ka gane cewa yawancin dalmar a jikin laka take tafiya. Wannan labari ne mai daɗi ta wani ɓangaren, don laka ana ganinta, kuma ana iya tare ta. Ta wani ɓangaren kuma ba daɗi, don idan ta shiga kududdufi ba ta fita. Ruwan zai kwanta ya yi garau bayan kwana biyu, ka ce shi ke nan, alhali kayan na gindi. Ka canza ruwa sau goma, suna nan. Dalma ba ta ruɓewa kamar kashin kifi ko ragowar abinci.

Kar kuma ka ce duk ruwa mai garau lafiyayye ne. Akwai wani dutse mai ƙyalli kamar zinare wanda ba zinare ba, yakan zo tare da zinaren. Muddin yana binne ba ya komai. Idan aka fito da shi aka farfasa, iska da ruwa suka taɓa shi, sai ya haifar da tsami mai ƙarfi, tsamin kuma ya narkar da ƙarafan da ke cikin dutse: jan ƙarfe, tutiya, kadmiyam, dalma. Narkakken ƙarfe ido ba ya ganinsa. Alamarsa ita ce duwatsun rafi su yi ja-ja kamar tsatsa, ka duba ba talibambam, ba ƙananan kifaye, ba ƙwarin ruwa. Kifinmu ya fi son ruwan da pH ɗinsa ke tsakanin 6.5 da 9. Idan ya sauko wajen 4, mutuwa ce. Takardar gwajin pH kuɗinta bai kai na buhun abinci ba ko kusa, amma cikin masu kiwo goma da na sani, da ƙyar biyu ke da ita. Jan ƙarfe kuwa, ɗan kaɗan ya isa ya lalata wurin da kifi ke shaƙar iska a gefen kansa, musamman 'ya'yan kifi.

Sai zaiba, wadda masu haƙa ke kira makuri, da ita ake kama zinaren bayan an wanke. Wadda ta zube tana bin laka ita ma. A gindin kududdufi inda iska ba ta kaiwa, ƙwayoyin halitta suna juya ta ta koma wani nau'i da ke shiga tsokar kifi ya zauna. Kifin ba zai mutu ba, zai yi ƙiba, ka sayar. Mai ciki ta ci, yaro ya ci. Abin da ya faru a Minamata ta ƙasar Jafan kenan, inda aka gano cutar a 1956, kodayake su masana'anta ce ta zubar musu a teku. Saboda su ne aka sa wa yarjejeniyar duniya kan zaiba ta 2013 sunan garin, Najeriya ma tana ciki. Banda ba ta cire zaiba daga kifi. Tafasa ruwa ba ya cire dalma. Ita dalmar ta fi taruwa a hanta da ƙashi da kan kifi fiye da tsoka, to amma wa ke zubar da kan tarwaɗa a farfesu?

Akwai lokaci na biyu da ya kamata a sa wa ido, shi ne Agusta. Ƙasa ta ƙoshi, duk abin da ya sauko malalewa yake. A lokacin gubar da ke cikin kowace lita ta ragu saboda ruwa ya yi yawa, amma a lokacin ne ramukan wanki ke cika su ɓalle, tulin ɓarzajjen dutse ya zaftare gaba ɗaya, rafi ya haura gaɓa ya shimfiɗa sabuwar laka a fadama. Idan kududdufinka ba shi da jinga mai tsayi, ba sai ka buɗe wa ruwan hanya ba, da kansa zai shigo. Ku tuna abin da ya faru a Zambiya a Fabrairun 2025, da madatsar dattin wani kamfanin jan ƙarfe ta fashe cikin damina, ruwan tsami ya bi ta Kogin Kafue ya kashe kifi tsawon kilomitoci masu yawa. Wancan babban kamfani ne mai injiniyoyi. Ina ga ramin da aka tare da buhunan yashi?

Masu kaji, kar ku ce ba ruwanku. Kazar gida tsakuwa take tsinta don ƙundunta ya niƙa abinci, kuma idan tsakuwar mai dalma ce, a ƙundun za ta zauna tana narkewa a hankali. Dalma tana shiga ƙwai. Alamomin da kaza ke nunawa, koren zawo, kasala, sakin fukafukai, shanyewar ƙafa, sun yi kama da na Niyukasul sosai, har mutum ya yi ta ɗura magani yana zagin mai sayar da rigakafi. Idan ka yi rigakafi daidai, amma agwagi da kajin da ke yawo bakin rafi suna mutuwa, na cikin keji kuma lafiya lau, to ka daina kallon kwalbar magani ka kalli ƙasa da ruwa. Masu haɗa abinci da kansu kuma, ku san injin da ake niƙa muku masara. Injin da ya taɓa niƙa dutse bai kamata ya ga hatsi ba, buhun da ya ɗauki dutse bai kamata ya ɗauki dusa ba, komai arharsa.

In yi adalci: yawancin kifin da ke mutuwa bayan an yi ruwa ba dalma ke kashe su ba. Iskar cikin ruwa ce ke raguwa, ko ruwan gindi ya juyo sama, ko maganin feshi ya gangaro daga gonaki, wanda a yankinmu ma ya fi zinare yawa. Kuma ba na cikin masu zagin yaran da ke haƙa. Da yawansu abokan karatunmu ne, wasu rashin tsaro ya raba su da gonakinsu. Wanda na ɗora wa laifi shi ne duk mai ba da izinin haƙa ko wanki bai tilasta a yi ramin tare laka ba, da shugabannin gari da ke bari a kafa injin niƙa dutse a bakin ruwan da jama'a da dabbobi ke sha. Amma kafin hukuma ta motsa, kifinka ya riga ya sha.

Abin da na sa ƙanen nan nawa ya yi ba wani abu ne mai tsada ba. Na ce ya bi rafin da ƙafa ya yi sama, iya inda tsaro ya bari, ya riƙa tambayar masu noman rani da Fulanin da ke shayarwa, don su suka fi kowa sanin inda ruwa ke canza launi. Inda ba zai iya zuwa ba, mu buɗe Google Earth a waya: wurin haƙa yana fitowa fili, ramuka rututu da ƙasa fara ko ja a tsakiyar daji. Abin da ake nema shi ne ko akwai rami, injin niƙa dutse ko wurin wanki, nisansa nawa, kuma idan ruwa ya sauka a kansa ina yake gangarawa. Wurin da ke bayan tudu yana zuba a wani rafin bai dame ka ba ko da kusa ne. Wanda ke nesa amma kwazazzabonsa a rafinka yake ƙarewa, shi ne naka.

Na ce masa kuma ruwa biyu ko uku na farkon damina, ko da me ya gani a sama, kar ɗigo ya shiga kududdufi. NiMet na fitar da hasashen lokacin faɗuwar damina tun farkon shekara, sai mutum ya toshe mashigar ruwa kafin lokacin. Ya ɗaga jinga ta fi inda ambaliyar bara ta kai, ya yanka lambatu ta bayanta don ruwan gangare ya zagaye. Ruwan rafi kuma ya fara sauka a wani ƙaramin rami ya kwana biyu, laka ta kwanta, sannan a ja na sama. Lakar da aka kwashe daga ramin kar a zuba ta a gonar alayyafo ko inda kaji ke tono. Wannan ramin yana rage abin da ke jikin laka ne kawai, narkakken ƙarfe wucewa zai yi, shi ya sa takardar pH ba ta da madadi.

Idan an ga wurin wanki a sama, to sai gwaji. Zariya ba nisa: akwai ɗakunan gwaji a Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyar NARICT da ke Basawa masu na'urar auna ƙarafa. Kuskuren da ake yi shi ne a ɗebi ruwa a watan Janairu lokacin da ya kwanta garau, a kai, a ce lafiya lau. Ɗebi lokacin da rafi ke gudu jajawur bayan ruwa, a robar da ba a taɓa zuba komai ba, ka haɗa da lakar gindi a wata leda daban, ka rubuta rana da wuri. Ka kira su tukuna su faɗa maka yadda suke so a kawo. Masu kiwo biyar da ke kan rafi ɗaya za su iya haɗa kuɗin gwaji ɗaya, tunda ruwan ɗaya ne.

Shi dai ƙanen nawa ya tafi ya dawo bayan kwana biyu. Ya ce tafiyar kusan awa ɗaya a sama ya tarar da injin niƙa biyu ƙarƙashin rumfa, da buhunan dutse da aka kawo daga wani wuri, da ramin wanki wanda bakinsa ke kallon rafin. Mai filin da zai sayar masa bai taɓa ambata ba, wataƙila shi ma bai ɗauke shi komai ba. Yanzu ya fasa haƙawa a can. Ya sayi tamfol biyu ya kafa a bayan gidansu, zai ja ruwa daga bohol ɗin maƙwabci yana biya duk wata, kuma tarwaɗa 600 zai fara da su maimakon dubu biyu. Robar ruwan bohol ɗin ma na ce ya ba ni, zan shiga Zariya ranar Litinin.